Idan Baki Ya Yi Shiru, Wa Ke Magana?

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da kowane gida ke da janareto ya san wannan lokacin. Wajen sha biyun dare maƙwabci ya fito ya kashe nasa, na bayansa ya bi sahu, unguwa ta yi tsit. A nan ne za ka ji kafaɗunka sun sauka, ka ja dogon numfashi, ka gane ashe tun magariba jikinka a ɗaure yake ba ka sani ba. Sai dai daɗin nan da wuya ya kai minti biyar. Kafin barci ya zo wani injin ya tashi, wannan karon a cikin ƙirji: kuɗin makarantar yara, bashin da ka ce za ka biya ranar Laraba, baƙar maganar da wani ya yaɓa maka a kasuwa, da amsar da ta dace da shi wadda sai yanzu ta zo maka. Waje ya yi shiru, ciki ya koma kasuwar Kurmi.

Duk wata magana kan shiru da kwanciyar hankali, a ganina, tsakanin waɗannan abubuwa biyu take kai-komo: saukar kafaɗar nan, da kasuwar da ke ci bayanta.

Saukar kafaɗar gaskiya ce, kuma an auna ta. A shekarar 2006 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi kan yadda kiɗa ke taɓa zuciya da numfashi. Sun kunna wa mutane kiɗa iri-iri, mai sauri da mai sanyi, suka riƙa saka shirun minti biyu a tsakani. Abin da ya ba su mamaki shi ne a ɗan shirun nan bugun zuciya da hawan jini suka fi sauka, fiye da lokacin kiɗa mai sanyin, har fiye da yadda suke kafin a fara kunna komai. Ido yana da marfi, kunne ba shi da shi. Ko kana barci yana nan yana gadi, duk ƙarar da ta shigo sai jiki ya ɗan zabura. Hukumar Lafiya ta Duniya, a wani rahoto na 2011, ta ƙiyasta cewa ƙarar ababen hawa kaɗai na cinye wa mutanen yammacin Turai aƙalla shekara miliyan ɗaya ta rayuwa cikin ƙoshin lafiya a kowace shekara, galibi ta hanyar hana barci da takura rai. Wannan fa a Turai ke nan, inda babu injin markaɗe a zauren maƙwabci, babu lasifikar mai maganin gargajiya a ƙofar gida.

Kasuwar da ke ci daga baya ita ma an auna ta, kuma labarinta ya fi ban dariya. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia a Amurka ya riƙa sa mutane a ɗaki su kaɗai na minti 6 zuwa 15, ba waya, ba littafi, ba alƙalami, aka ce su zauna da tunaninsu kawai. Da yawa suka ce ba su ji daɗi ba. Sai aka ƙara wani abu: aka ajiye musu maɓallin da idan suka danna, lantarki zai ɗan ja su. An riga an ɗanɗana musu zafinsa, har sun ce za su iya biyan kuɗi don kada a sake. Amma da aka bar su da kansu na kwata ɗin awa, maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun danna da hannunsu. Wani bawan Allah ma sau 190 ya danna, dole aka cire shi daga lissafi. Wato mutum ya gwammace a ja shi da wuta da ya zauna da zancen zucinsa.

Masana ƙwaƙwalwa suna da bayani. Tun 2001 Marcus Raichle ya nuna cewa idan mutum ya daina aiki ya zauna haka nan, akwai sassan ƙwaƙwalwa da sai a lokacin suke ƙara himma, kuma sana'arsu ita ce tuno jiya, saƙa gobe, da auna kai da sauran mutane. Mu a nan muna da sunayen abin tun da daɗewa: saƙe-saƙe, saƙa da warwara, waswasi. Hayaniyar waje tana rufe shi ne kawai, kamar yadda turare ke rufe wari. Cire hayaniyar, ka ji shi ɓaro-ɓaro. Shi ya sa da yawanmu ba ma iya kwanciya sai rediyo na magana a gefen kunne, ko waya na hannu har ta faɗo mana a fuska.

Malaman tarbiyyar zuciya sun riga masu na'urori isa nan da ɗaruruwan shekaru, kuma babu labarin da ya fi na Imamu Gazali fito da abin fili. A 1091 aka ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda a zamanin babu kamarta. Ɗalibai wajen ɗari uku ke zama gabansa, fada na jin maganarsa. Harshe shi ne jarinsa. Bayan shekara huɗu, a 1095, harshen ya ƙi. Kamar yadda ya ba da labari da kansa a littafinsa Munƙizu, ya yi wata shida yana ja-in-ja da ransa, domin ya duba niyyarsa ya ga neman suna da matsayi ne ke tuƙa shi. Ya kan zo don ya ba da karatu, kalma ɗaya ta gagara fita. Abinci ya daina shiga. Likitoci suka duba suka ce ciwon daga zuciya ya taso, ba su da maganinsa. Sai ya nuna kamar hajji za shi, ya rarraba dukiyarsa, ya nufi Dimashƙa. A can ya yi kusan shekara biyu, yana hawa hasumiyar babban masallaci ya kulle ƙofa ya wuni shi kaɗai. Daga nan Ƙudus, daga nan Makka da Madina, sannan gida, ya ci gaba da keɓewa har wajen shekara goma kafin ya koma koyarwa a Naisabur a 1106.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne gaskiyar da ya faɗa kan shekarun nan. Bai ce ya kulle ƙofa natsuwa ta sauko masa ba. Ya ce al'amuran zamani da hidimar iyali da neman abin masarufi sun riƙa gurɓata masa keɓewar, zuciyarsa ba ta yin garau sai jefi-jefi, amma duk lokacin da aka janye shi sai ya sake komowa. Gazali ke nan, shekara goma. Mai tallan kwas ɗin kwana uku da ke alƙawarin wanke maka zuciya tas, ya kamata ya ji kunya.

A babban littafinsa Ihya'u, wanda malamanmu na zaure suka daɗe suna karantarwa, ya ware babi guda kan illolin harshe, ya ƙirga ashirin, tun daga shiga sharo ba shanu har zuwa gulma da annamimanci. Ya kasa magana gida huɗu: mai cutarwa zalla, mai amfani zalla, mai haɗe da duka biyun, da wadda ba amfani ba cutarwa. Da ya tace, kashi ɗaya ne cikin huɗu ya tsira, shi ma da sauran haɗarin riya a cikinsa. Amma ga inda sufaye suka zarce masu wa'azin kame baki kawai. Sun lissafa shiru cikin ginshiƙai huɗu na horon rai, tare da yunwa da rage barci da keɓewa daga mutane, sannan suka raba shi biyu. Ibnu Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240, ya bambanta shirun harshe da shirun zuciya. Na farko kowa na iya yi, ko da zuciyarsa na tafasa. Na biyun shi ne abin nema, na farkon ƙofa ce kawai.

To yaya ake shiga daga ƙofa zuwa ɗaki? A nan ne tsarin halwa ke da abin koyarwa, ko ga wanda ba ya ɗariƙa. Suhrawardi, wanda ya rasu a 1234, ya yi dogon bayani kan halwar kwana arba'in, adadin da aka ɗauko daga dararen da Annabi Musa ya yi yana ganawa da Ubangijinsa. Ɗaki ƙarami, haske kaɗan, abinci kaɗan, alwala kullum. Sai dai ba a tura murid ciki hannu rabbana. Ana ba shi zikiri guda ya riƙe, ya yi ta maimaitawa har harshe ya gaji zuciya ta karɓa, duk tunanin da ya faɗo ya bar shi ya wuce ya komo kan zikirin. Yana fita sallar jam'i da Juma'a. Kuma akwai shehin da zai kai wa labarin abin da ya gani ko ya ji. Sun san zuciya ba ta zama fanko. Kamar yaro mai ƙiriniya ce, in ba ka ba shi abin riƙewa ba, zai nemo da kansa, kuma wuƙa zai ɗauko.

(Wani abin dariya: a Sudan, makarantar allo ake kira halwa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta tsangaya da daddare ya san cewa ba shiru ake sayarwa a wurin ba.)

Abin sha'awa shi ne mutanen da ba su taɓa karanta Suhrawardi ba sun zo da kusan irin wannan tsari. A Indiya da ƙasashe da dama akwai zaman kwana goma da ake kira Vipassana, wanda S. N. Goenka ya fara koyarwa a 1969 bayan ya taso daga Bama, tushensa kuma koyarwar Buda. Ana karɓe waya da littafi da abin rubutu. Kwana tara ba magana, ba nuni da hannu, ba haɗa ido. Tashi ƙarfe huɗu na asuba, zama wajen awa goma a rana. Kwanaki ukun farko aikin ɗalibi ɗaya ne: lura da shigar numfashi da fitarsa a bakin hanci. Akwai malamin da aka yarda a yi wa tambaya, kuma a rana ta goma ana sakin baki kafin a sallami mutane, don kada a jefa su cikin duniya kai tsaye. A duwatsun Faransa kusa da Grenoble kuwa, akwai gidan masu zuhudu na Kirista da aka kafa tun 1084, inda kowa ke rayuwa a ɗakinsa cikin addu'a da aikin hannu. Duk da tsananinsu, sau ɗaya a mako suna fita doguwar tafiya, bibbiyu, suna hira. Aƙidun nan sun yi hannun riga da juna, kuma ba ina cewa abu ɗaya suke nema ba. Amma a kan dabarar sarrafa shiru bakinsu ya zo ɗaya: a sa masa iyaka, a ba hankali abin kamawa, a ajiye wanda ya riga ka bin hanyar a kusa.

Musulunci ya ƙara wani takunkumi da mutane kan manta. Alƙur'ani ya ba da labarin Nana Maryam da ta yi bakancen kame baki ranar da ta zo wa mutanenta da jariri, da Annabi Zakariyya da aka sanya masa rashin magana na kwana uku ya zama alama. Amma a shari'ar Annabi Muhammadu (SAW) shiru a karan kansa ba ibada ba ne. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum, Abu Isra'ila, da ya yi bakancen tsayuwa cikin rana, ba zama, ba magana, yana azumi. Annabi ya sa a ce masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Sayyidina Abubakar ma ya tarar da wata mata ta yi niyyar aikin hajji ba tare da ta yi magana ba, ya ce mata ta yi magana, wannan aikin jahiliyya ne. Ko i'itikafi, wanda shi ne keɓewar da kowa ya yarda da ita, ba a gina shi kan ɗinke baki ba. A mazhabar Malikiyya mai i'itikafi yana azumi, yana cikin masallaci, ba ya fita sai don larura, kuma an so ya taƙaita kan salla da zikiri da karatun Alƙur'ani, har ma an karhanta masa shagaltuwa da karantar da ilimi. Dubi wannan da kyau: ilimi ma, duk da darajarsa, an ce a jingine shi na kwana goma. An toshe ƙananan magudanai ne don ruwa ya taru wuri guda.

Na taɓa leƙa wani masallaci a goman ƙarshe na azumi, na tarar kowane lungu an ja labule, kowane soket ɗauke da caja uku. Bayan tarawihi ana ta hirar farashin kaya da siyasa, wasu na amsa saƙonni a bayan labule, hasken waya na haska musu gemu. Ban ga laifin kowa ba, don na san da ni ne ma da wuya in tsira. Amma na yi tunanin hasumiyar Gazali. Shi ƙofa ɗaya ya kulle ya rabu da Bagadaza. Mu Bagadazarmu a aljihu take.

Sai kuma mu Hausawa da namu shirun. In ana maganar kame baki ba a bar mu a baya ba. Mun ce baki shi ke yanka wuya, mun ce magana zarar bunu ce, mun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sarki na rufe baki da amawali, dogarai su amsa gaisuwa a madadinsa. Amarya ba ta magana sai an sayi baki. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Muna da kunya, muna da kara, muna da kawaici. Waɗannan kyawawan abubuwa ne, su suka riƙe gidaje da yawa da da tuni sun watse. Sai dai kusan dukkansu shiru ne da ake yi don wani: don girmama shi, don rufa masa asiri, don a zauna lafiya. Ba su ne shirun da mutum ke yi don ya ji abin da ke cikinsa ba, kuma kuskure ne a ɗauka duk mai shiru-shiru natsattse ne. Matar da aka yi shekara goma ana ce mata ta yi haƙuri, ta haɗiye, har hawan jini ya kama ta, ba tafakkuri take yi ba. 'Yan'uwan da suka yi gaba suna wuce juna a soro ba sallama, gidansu tsit yake, amma babu mai kwanciyar rai a cikinsu, shi ya sa shari'a ta hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Shirun da aka ɗora wa mutum dole azaba ne, kuma duniya ta san haka: dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 kan kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Mandela, sun haramta kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Ɗaki ɗaya, shiru ɗaya, amma wanda ya kulle kansa da wanda aka kulle ba abu ɗaya suke sha ba.

Ko wanda ya shiga da ƙafarsa ma ba a ce ya tsira ba. Kusan kowane gari akwai labarin wani da ya shiga halwa ba da izinin malami ba, galibi don neman asiri ko duniya, ya fito yana sambatu. Mutane kan ce ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Likita zai ce yunwa da rashin barci da kaɗaici sun haɗu sun tayar da ciwon da ke kwance. A 2017 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka, cikinsu har da Willoughby Britton, sun buga hirarrakin da suka yi da mutum 60 masu zuzzurfan tunani irin na Buda, waɗanda suka gamu da firgici, rashin barci, dawowar tsofaffin raunukan rai, da jin kamar sun rabu da jikinsu. Wanda ke fama da ciwon damuwa mai tsanani, ko wanda bai daɗe da fita daga tashin hankali ba, sau da yawa abin da ya fi buƙata shi ne wanda zai saurare shi. A ce masa ya je ya zauna shi kaɗai ya yi shiru, an ƙara masa kaya ne.

Akwai kuma ƙalubalen da duk mai yabon shiru ya kamata ya amsa, kuma a Kano yake zaune. Je ka gidan Ƙadiriyya a Kabara, inda Shehu Nasiru Kabara ya yi zamaninsa har rasuwarsa a 1996, ka ji bandiri na tashi ana zikirin amfasu. Ko ka tsaya kusa da zawiyar Tijjanawa da yammacin Juma'a ana hailala da ƙarfi. Babu shiru ko na sisin kwabo, amma ka tambayi waɗanda suka fito, za su ce maka zuciyarsu ta yi sanyi. A ɗaya gefen ga Naƙshabandiyya, ɗariƙar da ake dangantawa ga Baha'uddini na Buhara wanda ya rasu a 1389, su zikirinsu a zuci suke yi, leɓe ba ya motsi, kuma cikin ƙa'idojinsu akwai halwa a tsakiyar taro: jikinka a kasuwa, zuciyarka a wani wuri. Ɗaya ya cika kunne da sauti guda har saƙe-saƙe ya rasa wurin tsayawa, ɗaya ya koyi toshe kunnen daga ciki. Duka biyun sun nuna cewa ba rashin ƙara ake bi ba, tattaruwar hankali ake bi. Shirun waje taimako ne babba, musamman ga mai farawa, amma ba shi ne sharaɗi ba.

Wannan kuwa labari ne mai daɗi ga talaka, domin shirun waje ya zama kayan masu hali. Mai gida a unguwar da ke da bishiyoyi da katanga da sola yana sayensa da kuɗinsa. Mai ɗaki ɗaya da yara shida a bakin titi fa? Ɗan a-daidaita-sahu da ke wuni cikin hon? Uwar da ko banɗaki ta shiga sai an biyo ta ana kuka? Kwana goma a masallaci ma sai wanda ke da abin da zai bar wa iyali. Ga irin waɗannan, abin da ya rage shi ne ɗan tsakanin nan na bayan sallar asuba, kafin injin markaɗe ya tashi, kafin mai ƙosai ta hura wuta. Tsofaffinmu sun san shi. Kakata ba ta taɓa jin sunan Gazali ba, balle Goenka. Idan ta sallame asuba takan zauna a kan buzunta, fuska gabas, carbi na tafiya a hankali tsakanin yatsu, har rana ta fito. In ka zo gaishe ta a lokacin, hannu kawai za ta ɗaga maka, ka durƙusa ka jira ko ka tafi ka dawo. Mu yara mun ɗauka gyangyaɗi take yi, har mukan yi rige-rigen leƙa fuskarta mu gani ko idon a rufe yake. A buɗe yake, yana kallon ƙasa, kaji na ta kai-komo a gabanta.